Hanya Tsakanin Rauta Biyu

Karo na uku ke nan Mai Wayarin, mai aikin wutar lantarki, yana cire igiyar intanet yana mayarwa. Fitilun rautar shagonsa, wato akwatin raba intanet, duk kore, ta ɗakin mahaifiyarsa a saman bene ita ma kore, amma hoton kyamarar da ya kafa can ya ƙi fitowa a kwamfutarsa.

Makon jiya tsohuwar ta faɗi a bakin gado, ta yi awa guda a ƙasa ba wanda ya ji. Shi ya sa ya sayo kyamarar. Shekara ashirin yana ja wa mutane wuta, kuma a saninsa in waya ta haɗu, an gama.

Da azahar ya haƙura ya kira ƙanwarsa, autarsu, mai aikin kwamfuta a wani kamfani. Ta iso tana dariya tun daga ƙofa.

"Yau Yaya ne da neman taimako? Bari in duba ko rana ta sauya mafita."

"Ke Auta, rage surutu. Igiyar nan lafiyarta ƙalau, da hannuna na gwada."

Ta zauna ta danna nan, ta danna can. "Igiya ba ta da laifi. Unguwa biyu ka yi a gida ɗaya. Rautar ƙasa tana raba wa na'urorinta lambobin adireshi, ta sama tana raba nata. In kwamfutarka ta nemi kyamara, ta ƙasa ba ta san lambar ba, sai ta tura saƙon waje."

"Waje kuma? Abin yana bisa kanta!"

"Wa ya gaya mata? Kai ma ba ka gaya mata ba."

Ta rubuta wa rautar ƙasa layi ɗaya: duk mai neman lambobin sama, a bi da shi ta wannan igiya. Ta hau bene ta buɗe wa ta sama ƙofar shigowa, ta sauko.

Hoto ya fito tas. Ga Inna a kujera, rediyo a cinya. Ta ɗaga kai ta ƙura wa kyamarar ido, ta miƙe a hankali, ta jawo tawul daga bayan ƙofa, ta ɗaga da sanda ta rataya wa kyamarar. Allon ya yi baƙi.

"Ni ba kaza ba ce a akurki," muryarta ta fito daga kwamfutar. "Ɗan da na goya ne zai tsare ni?"

Auta ta kife kan tebur don dariya. "In je in cire?"

Ya saurara. Rediyo na magana, Inna na mayar masa da martani, sandarta na ƙwanƙwasa ƙasa, ta koma kujera ta zauna lafiya.

"Bar mata tawul ɗinta," ya ce.

Ya ƙara sauti, ya jawo fankar da aka kawo masa gyara tun safe.