Sunan da Manu Bai Taɓa Faɗa Ba

Idan ka taso daga Tsarnawa za ka Malbaza, akwai wata farar katanga a hannun dama da ake rubuta wa sakamakon jarrabawa da jan fenti, baƙaƙe manya yadda ko direban motar siminti zai karanta yana gudu. Kwalejin mishan ke nan. Kiristoci ne suka gina ta tun ina yaro, daga baya gwamnati ta shigo tana turo malamai, amma tsarinsu na nan. Ba zan yi mata ƙarya don ina fushi da ita ba, makaranta ce ta gaske. Akwai famfon burtsatse, akwai wutar rana, akwai ɗakin littattafai da ɗakin gwaje-gwaje, ga ɗakin kwanan 'yan mata. Yawancin ɗalibanta Musulmi ne, an ma ware musu wurin salla. Duk shekara yaranta suna cin jarrabawar birbe ta kammala kwaleji kusan gaba ɗaya, alhali kwalejin da ta fi kusa da ƙauyenmu rumfunan kara ce, awaki kan cinye rabinta kafin a dawo hutu.

Ni sunana Chindo, malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙasar Illela. Na daɗe ina koyarwa, kuma ban taɓa samun yarinya irin Wasila ba. 'Yar ruga ce, ubanta Manu makiyayi. Takan iso aji ƙafa duk ƙaya, ta zauna baya, ta yi shiru, sai ka ba da lissafi ta gama kafin ka ajiye alli. Ni na kai ta jarrabawar shiga kwalejin mishan, ta kuma fito cikin na gaba. Abin da take buƙata gado ne a ɗakin kwana, domin ruga ba ta zama wuri ɗaya. Idan babu gado babu karatu, kowa ya san haka. Gado ɗaya ya rage.

A shekarar aka kawo sabon darakta, mutumin bakin teku, mai tsabta, mai son aikinsa, amma ko sannu bai iya da Hausa ba. Ya tarar iyaye na cire 'yan mata tsakiyar shekara, abin yana ɓata wa makaranta sakamako, sai ya kafa doka: ba a ba yarinya gado sai ubanta ya zo da kansa ya faɗa da bakinsa cewa yana son karatunta. Dokar ba ta da laifi a takarda. Laifin shi ne Wasila 'yar fari ce, ubanta kuma Bafillace.

Wanda duk ya tashi a ƙasar nan ya san abin da nake nufi. Manu bai taɓa faɗin sunanta ba tun ranar da aka raɗa shi. "Ke" yake ce mata, ko "yarinyar ga". Ba ya zama inda ake yabonta, idan ma aka fara sai ya tashi ya tafi duba maraƙi. Amma mutumin nan ya bar garkensa hannun ƙanensa ana dab da tashin ruga, abin da makiyayi ba ya yi ko da zazzaɓi. Ya sayo akwatin ƙarfe shuɗi a kasuwar Illela, ya ɗora a kansa tun daga inda mota ta sauke mu har ƙofar buro, wato ofishin darakta, ya hana ni in taɓa.

Aka ce in jira a baranda tare da akwatin. Taga a buɗe take, ina jin komai. Mai fassara shi ne Muttaƙa, mai kula da horon ɗalibai, haifaffen Tsarnawa, wanda ni na san uwarsa ba ta faɗin sunan yayansa har ta mutu.

Darakta ya fara da tambaya mai sauƙi, wai mene ne sunan ɗiyarsa.

Manu ya dubi teburin darakta. Can ya ce, "Takarda na gabanshi, shi duba mana."

Darakta ya tambaya ko yarinyar tana da ƙoƙari.

"Ni dai ban ga wani wayo ba," in ji Manu. "Yarinya ta kawai, kamar kowa."

Aka tambaye shi ko yana son ta yi karatu.

"In kun ɗauka, to. In kun bari, to. Shanu na nan."

Kowane Bahaushe, kowane Bafillace, har Buzun da ke gadin ƙofa, ya san me wannan magana take nufi. Mutum ne yake roƙo da iyakar abin da kunya ta bar masa. Muttaƙa ya ɗauki maganar ya juya ta Faransanci kalma bayan kalma, tsaf, bai ƙara ba bai rage ba. Ko ɗan tari bai yi ba. Ina ji darakta ya ja numfashi ya ce uban da bai san sunan 'yarsa ba shi ne zai zo ya ɗauke ta kafin watan azumi.

Ban san lokacin da na banka ƙofar ba. Na yi wa darakta bayani da Faransancin da nake da shi, ina haɗawa da hannu. Sannan na juya kan Muttaƙa.

"Kai kuma mi kaka yi nan? Ba ka san kunyar ɗan hwari ba?"

"Mushe Chindo," ya ce, yadda ake kiran malami a nan, yana gyara biro a aljihu, "ni hwassara anka ce in yi. Abin da yac ce shi nih hwaɗi."

Darakta ya saurare ni, ban hana masa wannan ba. Amma ya ce doka doka ce, shi ba daga bakin malami yake son ji ba, daga bakin uba. Idan al'ada ce, to uban ya ajiye ta na minti ɗaya saboda 'yarsa. Ya faɗi haka kamar wanda ya ce a cire takalmi a ƙofa. Manu ya tashi, ya ja rawaninsa, ya fita ya ɗauki akwati. Wasila na biye da shi.

Na bi shi ruga. Na je, na koma, na sake komawa. Na zauna kan tabarmarsa na sha nono har cikina ya gaji. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce masa yarinyar nan likita ce ke tafiya da ƙafa a gabansa. Shi dai sai ya dubi ƙasa ya ce, "Mushe, babana bai hwaɗi nau ba har yat tahi lahira. Ƙaƙa zan dubi mutane?" Ran nan da safe ina buɗe aji sai na gan shi tsaye a bakin makaranta, akwati a kai, Wasila a baya. Na rufe ajin. Muka nemi mota.

Wannan karon na shiga tare da su, babu wanda ya isa ya hana ni. Manu bai zauna ba. Ya sauke rawanin da ya rufe bakinsa, abin da ban taɓa gani ba, ya dubi bango, ba darakta ba, ba kowa ba. Gumi yana bin wuyansa.

"Wasila," ya ce. "Sunanta Wasila. Ɗiyata ta. Ta hi ni hankali, ta hi duk wanda nis sani. Ina son ta yi karatu."

Yarinyar ta waiga tana neman wanda ya kira ta. Sai da ta ga bakin ubanta ne ke motsi, sannan ta sa gyale ta rufe fuska.

Ni na fassara, ban bar wa Muttaƙa ba. Darakta ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce ai an ba da gadon shekaranjiya. Ya ce an gaya masa makiyayan sun riga sun tashi sun yi arewa da shanunsu. Na tambaya wa ya gaya masa. Idonsa ya je inda Muttaƙa ke tsaye yana duban silin. Yarinyar da ke bin Wasila a jarrabawa ita aka ba, Karima, 'yar wan Muttaƙa uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ni da komai da Karima, yarinya ce, ta riga ta shimfiɗa zanenta a kan katifa. Darakta ya ce ba zai iya korar yarinya daga gado ba, ya yi baƙin ciki ƙwarai, a dawo baɗi. Baɗi! Kamar ruga za ta tsaya tana jiransa, kamar ƙanen Manu zai riƙe garke shekara guda.

Abin da na gaya wa Muttaƙa a ranar ba zai rubutu ba. Har mai gadi sai da ya shigo ya riƙe ni.

Manu bai yi faɗa da kowa ba. Ya mayar da rawaninsa ya rufe baki har hanci, ya ɗora akwati a ka. Muka fito muka bi gefen katangar nan mai jan fenti, motocin siminti na wuce mu. Sai da muka yi nisa ya tsaya, bai dube ni ba.

"Mushe," ya ce, "na hwaɗi gaban mutane. Kuma ba su ba ta ba."

Wasila ta tsaya can baya, tana jira ko zai sake kiranta yadda ya kira ta ɗazu. Ya ɗan juya kai, akwatin ya karkata, ya tare shi da hannu.

"Ke," ya ce, "taho mu tahi."