Tsamiyar Bakin Marmaro

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma zan faɗe shi yadda ya zo, domin a gidanmu ba a yi wa mafarki ƙari.

Na ga kaina goye da yayana, Malam Mamuda, wanda sanyin ƙashi ya riƙe wa gwiwoyi, sandarsa tana hannuna. Mun nufi marmaron ruwan ɗumi na bayan garinmu, inda kakanmu ya yi sarautar ruwa, mahaifinmu ya gaje shi. Ƙa'idar wurin sananniya ce: majinyaci ya shiga ruwa, in Allah ya ba shi lafiya ya rataye sandarsa a tsamiyar bakin marmaro, ya koma gida da ƙafarsa.

Mun tarar an kewaye wurin da katanga, an kafa allon talla mai hoton marmaron, hoton ya fi marmaron girma. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa zuwa gajimare, kowa ya kifa lemarsa. Baƙi 'yan yawon buɗe ido sun yi layi suna wanka a cikin hoton, suna fitowa a bushe, suna yaba ɗumin ruwan.

Sai ga mu a ofis. Daraktan hukumar shaƙatawa bunsuru ne sanye da kwat, yana taunar tikitin shiga. Na yi masa gaisuwar da ta dace da kujerarsa, domin ni kujera nake gaisarwa. Ya bayyana mini cikin ladabi cewa majinyata su ne abin kallon da ke kawo baƙi, saboda haka duk wanda ya warke ya yi wa baitulmali ɓarna. Ya ce bara wani gurgu ya miƙe ba da izini ba, har yau ana bincike.

Ban ɗaga murya ba. Na karanto masa ƙa'idar tun daga zamanin kakanmu, na ambaci waɗanda suka warke da sunayen unguwanninsu. Ya daina tauna, ya saurara.

Ya ce, "Alhaji Sallau, su wa ke zuwa?"

Na ce, "Mutum da sandarsa, ranka ya daɗe."

"Wa ke komawa?"

"Ɗaya ya koma, ɗaya ya zauna a tsamiya. Haka muka gada."

Ya ce, "Madalla. Hukuma ba ta taɓa abin gado."

Na fito ina jin na yi nasara.

Sai ga mu a bakin ruwa. Awaki biyu masu rigar ma'aikata suka karɓi sandar daga hannuna da girmamawa, suka tsoma ta a marmaro, suna cuɗa ta a hankali. Ta fito a miƙe, gantsarewarta ta tafi. Ta rusuna ta gaishe ni, ta kama hanyar gari.

A nan na ji bayana ya yi sakayau. Na ɗaga kai. Tsamiyar cike take da dattawa, an saƙale kowa ta wuyan rigarsa a reshe, kuma da yawansu na san iyayensu. Baƙi suna ɗaukar hoto, wata akuya tana roƙon dattawan su ƙara nishi don hoton ya yi kyau. Ana cikin saƙale Yaya Mamuda ya dube ni, babu fushi a fuskarsa.

Ya ce, "Sallau, tunda suna jin maganarka, ka ce su sa ni ɓangaren inuwa."

Na tsaya ina laluben wani misali, ko da guda, na ranar da aka taɓa sauke abin da aka rataye a tsamiyar nan. Na bi zamanin mahaifinmu, na bi na kakanmu. Ba a taɓa yi ba. Reshen bai fi ƙarfin hannuna ba, amma hannun ya ƙi tashi sai da hujja daga abin da muka gada. Daga nesa ina jin sandar tana tafiya gida, ƙwas, ƙwas, yara suna yi mata barka da samun sauƙi.

Ƙarar nan ce ta tashe ni: ƙwas, ƙwas a kan simintin tsakar gida, ta nufi wajen alwala. Ban buɗe ƙofa ba. Na kwanta na kasa kunne, ina jira in ji ko akwai jan ƙafar Yaya Mamuda a bayanta.