Mutumin Cikin Waya

Tun bayan bikin Ista Mama Lucy ta fara zuba abinci kwano biyu. Idan 'yarta Edna ta zo daga Kafanchan ranar Asabar, sai ta tarar da kwanon pate a rufe kan tebur, ya kwana har ya yi tsami.

"Mama, wannan na waye?"

"Na Kiristofa ne. Ya je gonar citta, yanzu zai dawo."

Christopher, ƙanen Edna, ba ya gonar citta. Ya haura shekara goma a Italiya, yana aiki a inda ake shirya tumatir a kwali. Takardunsa na zama sun ƙare, yana jiran a sabunta masa, kuma idan ya fito kafin nan ba za a bar shi ya koma ba. Shi ke riƙe da maganin Mama da rabin hidimar gidan, don haka kowa a Fadan Kagoma ya san dalilin rashin zuwansa. Mama ma ta sani a da. Yanzu ta manta, kamar yadda ta manta hanyar rafi da sunan matar fasto.

Christopher yakan kira a wayar Edna, amma kunnen Mama ya yi nauyi. Sai ta kara wayar a kunne, ta saurara kaɗan, ta miƙa wa Edna ta ce rediyon nan ba ya kamawa. Wata nas da ke majami'arsu ce ta ba Edna shawara. Ta ce irin wannan ciwo na mantuwa, wani lokaci ido yana riƙe abin da kunne ya saki. A gwada nuna mata fuskarsa.

Wayar Edna ba za ta iya wannan aiki ba. Kyamarar gaba ta mutu tun bara, batirin ya kumbura har murfin baya ya ɗaga. Ita kuma malamar firamare ce, albashinta ba ya kai ta ƙarshen wata sai da dabara. Ba ta so ta nemi Christopher ya turo kuɗi, domin ta san abin da ke kansa. Ta sayar da akuya ɗaya, ta haɗa kuɗin da na adashinta, ranar Alhamis bayan an tashi makaranta ta nufi shagon Uchenna kusa da tashar jirgin ƙasa.

Uchenna a Kafanchan aka haife shi, mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne, kuma ajinsu ɗaya da Christopher a sakandare. Yana ganinta ya miƙe ya ja mata kujera.

"Anti Edna! Yaya Mama? Yaya jiki nata?"

"Da godiya. Jikin lafiya yake, kan ne ya tafi."

Ta gaya masa abin da ya kawo ta. Ya buɗe gilashi ya jera mata wayoyi huɗu a kan kanta. Akwai wata ta hannu, babbar waya ce a zamaninta, mai kyamara kamar madubi. Edna ta ɗauke ta, ta juya ta, ranta ya biya.

"Hotonta babu na biyu," in ji Uchenna. "Amma batirin ya sha aiki. Yaya wuta a ƙauye yanzu?"

"Wace wuta? Tun da iska ta kayar da turaku ba mu sake ganinta ba."

Ta ajiye ta. Ta biyu sabuwa ce, kuma ita ce mafi araha, amma da suka gwada kiran bidiyo da wayar Uchenna sai hoton ya riƙa tsayawa, fuska ta daskare baki a buɗe. Edna ta ce wannan tsorata Mama za ta yi. Ta uku ta fi ƙarfin aljihunta, ba ta ko taɓa ta ba. Ta huɗu ba ta da wani kyau, baƙa ce mai kauri, amma fuskarta babba ce kuma batirinta yana kwana biyu. Edna ta sa ya kunna waƙa ya ƙure ƙarar, ta fita har bakin titi inda masu acaɓa ke ta hon, ta dawo tana gyaɗa kai.

"Wannan Mama za ta ji."

Sai maganar layi da data. Edna ta riga ta tambayi maƙwabtan Mama, ta san layi ɗaya ne kawai ke kamawa sosai a unguwarsu, shi ma sai a bayan majami'a, kan wani faffaɗan dutse da ake shanya citta. Uchenna ya nuna mata tsare-tsaren layin. Na dare shi ne mafi sauƙi, amma Mama tare da kaji take kwanciya. Na wata yana da auki, sai dai Edna ƙarshen mako kawai take zuwa ƙauye, sauran kwanakin asara zai zama. Suka tsaya a kan na kwana biyu, ta saya ranar Asabar da safe ya kai ta yammar Lahadi. Ya kashe mata duk abubuwan da ke shan data a ɓoye, ya nuna mata inda za ta rufe ta idan ba kira take ba. Da za ta tafi ya saka mata gilashin kariya bai karɓi komai ba.

"Ki gaida mini Kiris. Ki ce masa har yanzu ina jin haushin ƙwallon da ya ci ni."

Ranar Lahadi bayan sujada Edna ta yi wa Mama wanka, ta ɗaura mata zanen zumuntar mata wanda ta fi so, ta shafa mata mai a fuska. An yi ruwa da safe, dutsen bai gama bushewa ba, sai ta ɗauko kujerar roba daga majami'a. Ta zaunar da Mama, ta danna kiran.

Christopher ya ɗauka nan take. Da alama tun ɗazu yake zaune yana jira. Ya sa farar riga, ya yi aski. Edna kanta sai da ta yi mamaki, domin a hoto ba ta lura sosai ba: gashin gaban kansa ya tafi, gemunsa ya yi furfura, ya yi ƙiba a wuya. Yaron da ya bar gida siriri ne, mai suma.

"Mama!" ya ce da ƙarfi, muryarsa ta fashe. "Mama, ni ne!"

Mama ta matso da fuskarta, ta ƙura wa wayar ido. Ta ji shi sarai, wannan karon ba ta ce rediyo ba. Ta gyara ɗankwalinta, ta haɗa hannuwa a cinya kamar yadda take yi idan baƙo ya shigo.

"Sannu, Malam. Ina wuni? Yaya iyali?"

"Mama, Christopher ne. Kiristofa naki."

Ya juya zuwa yarensu, ya kira ta da sunan da shi kaɗai yake kiranta tun yana yaro. Ya tuna mata da ranar da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ta goya shi har asibiti. Mama ta yi murmushi, idonta ya yi haske.

"Ashe ka san ɗana," in ji Mama. "Shi ya ba ka labari? Haka yake, ba ya jin magana. A ina ka san shi?"

Edna ta buɗe baki za ta gyara mata, Christopher ya ɗaga hannu ya hana ta. Ya kau da kai, aka daina ganinsa sai rufin ɗaki da ƙwan lantarki. Da ya dawo idonsa ya yi ja.

"Wurin aiki ɗaya muke, Mama."

"Yana cin abinci?"

"Yana ci."

"Ba ya son kuɓewa. Kada a ba shi kuɓewa." Ta murza bakin zanenta. "Malam, don Allah ka taimake ni. Ka gaya masa ya dawo gida. Ka ce ba na fushi. Ko bai samu komai ba ya dawo haka nan."

"Zan gaya masa, Mama."

"Ubangiji ya yi maka albarka."

Bayan Edna ta mayar da Mama gida ta dawo kan dutsen ita kaɗai ta sake kira. Ta ce masa watakila hasken rana ne ya hana Mama gani da kyau, ko kuma da ta sayi waccan mai kyamarar kirki da abin ya bambanta.

"Anti, ba waya ba ce," in ji shi. "Ina ganin kowane layi a fuskarta. Ita ma ta gan ni."

Ya aske gemun kafin Lahadi ta gaba. Ya nemo hula irin wadda yake sawa a da. Mama ta gaishe shi da fara'a, ta ce wa Edna ai mutumin nan ne na rannan, abokin Kiristofa, ta tambaye shi ko ya isar da saƙo. Ya ce ya isar. Ya ce Kiristofa yana gaishe ta, aiki ne ya riƙe shi.

Daga nan bai sake cewa shi ne ba. Duk Lahadi yakan kawo mata labarin ɗanta: Kiristofa ya yi mura amma ya warke, Kiristofa ya shiga ƙungiyar mawaƙa a majami'arsu, Kiristofa ya dafa tuwo da garin masarar da ya samu a wani shago, bai yi daɗi kamar nata ba. Mama takan yi dariya har ta share hawaye. Wani lokaci su rera waƙar sujada tare, ba ta manta ko baiti ɗaya ba. Edna ke riƙe wayar, kuma ta koyi kallon wani wuri, kan tuddai ko gonakin da ke ƙasa, har su gama.

Wata Lahadi a cikin Agusta hadari ya taso suna tsakiyar hira, hoton ya tsinke. Edna ta saka wayar cikin leda, ta kama hannun Mama suka gangaro a hankali. Sun kusa gida Mama ta tsaya ta huta, ta jingina da katangar maƙwabta.

"Edna, mutumin nan na cikin waya ɗan wane gida ne?"

"Ban sani ba, Mama."

"Uwarsa ta yi sa'a. Dubi yadda yake nemana, ni da ban haife shi ba, ko sau ɗaya bai fasa ba." Ta girgiza kai. "Nawa kuwa, ko gaisuwa sai dai ya aiko."

Ruwan ya fara sauka. Edna ta cire mayafinta ta rufa wa Mama a ka, suka ƙarasa gida.

Da yamma, Edna tana cikin motar komawa Kafanchan, saƙon Christopher ya shigo. Yana tambaya ko sun isa gida kafin ruwan, da kuma ko Mama ta ce wani abu bayan layin ya yanke. Edna ta daɗe tana kallon saƙon, matar da ke gefenta har ta tambaye ta ko lafiya. Sannan ta rubuta masa cewa sun isa lafiya, Mama ta ci abinci ta kwanta.