Bututun da Wendelin Bai Sa Ba

Minti goma ke nan yatsan Traute na kan madanni ɗaya, ogan ɗin cocin, babban abin kiɗan nan mai bututu, yana ta zuba sauti guda ba numfashi, amma Wendelin bai ce "gaba" ba.

Haka aikin yake. Shi yana can ciki, tsakanin bututu fiye da dubu, yana daidaita muryar kowanne, ita tana waje tana danna masa. Doka ɗaya ya kafa mata: kada ta kuskura ta ɗage yatsa sai ya yi magana. Shekara arba'in suna maƙwabtaka, ta san halin kayanta. Ran da ta ɗage don atishawa, kwana biyu bai gaishe ta ba.

Tun rasuwar matarsa ba shi da zance sai na ogan ɗin nan: ya cire bututun tutiya da aka cusa lokacin yaƙi, ya mayar da na kuza, a sake jin muryar da kakansa ya ji. Saura biyu kacal: wanda take danna masa yanzu, da na ƙarshe.

"Kai tsoho, yatsan nan fa ba ƙusa ba ne," in ji ta.

Ta ƙara minti biyar tana ƙunƙuni, hankalinta na kan miyar dankalin da ta bari a wuta. Can ta ce ya yi fushin shekara in ya ga dama, ta ɗage.

Cocin ya yi tsit. Ta kira shi sau uku, sannan ta hau tsanin shiga ogan ɗin da ƙyar ta leƙa.

Yana kwance a kan katako, baki buɗe, hannu ɗaya miƙe wajen ƙofa, bututun ƙarshe ya lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Ko ihu ta kasa. Ta zauna nan bakin tsanin.

Likita ya ce zuciya ce. Ta tambaye shi ko nan take ya mutu. Ya tsaya duba jakarsa.

"Da ya kira ai da kin ji," fasto ya ce, wai lallashi.

Ina za ta ji, ita da ta cika cocin da ƙara? Abin da ya hana ta cin abinci ke nan har ranar jana'iza.

Ranar aka buga masa ogan ɗin, tsofaffi na share hawaye, suna cewa ba su taɓa jin murya irin wannan ba. Amma duk inda waƙar ta zo kan bututun da babu, sai iska kawai ta fita. Traute na zaune a layin baya, hannuwanta a cinya, tana jiran wurin da babu sautin ya sake zagayowa.