Bencin Ƙofar Ɗakin Kwamfuta

Shekarun da kuɗin mai suka sa kowace hukuma ta sayi kwamfuta, ko tana buƙata ko ba ta buƙata, wata hukuma a Sakkwato ta sayi tata, ƙatuwa, aka ware mata ɗaki mai iyakwandishan. Mutum biyu aka tura Ingila koyon aikinta, Hayatu na Ƙofar Marke da Lawali na Mabera. Kujerar shugaban ɗaki kuwa ɗaya ce, kuma Kanar Ishaya, sojan da ke riƙe da hukumar, bai tantance wanda zai ba ba.

Hayatu ya fara riƙon ƙwarya. Ya cika bango da zane-zanen awo: zafin ɗaki, gudun na'ura, yawan katin bayanai da ta haɗiye, har tsawon takardar da ta fitar. Kafin aikin wani ofis ya shiga, sai ya bi hannu bayan hannu ana sa masa hatimi. Kanar ya kan tsaya gaban bangon ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar wanda bai gane komai ba.

Da aka ba Lawali nasa gwajin, ya sauke zanen kaf, ya rage hatiman zuwa sa hannu ɗaya tak, ya sa aka ajiye benci a bakin ƙofa. Ya ce duk wanda aikinsa ya makara ko ya fito da kuskure, ya zauna nan har a gyara. In benci ba kowa, aiki na tafiya. Shi ke nan awon.

Abin haushi, tsarin ya yi aiki. Kanar daga tagarsa yake leƙo bencin, ya gan shi wayam, ya aiko a gai da Lawali. Hayatu ya ji kamar ya haɗiyi garwashi. Shi da ya ɓata idonsa yana zane, a ce katako ya fi shi! Ko a masallacin ofis, in aka yabi Lawali, sai ya tsinci kansa yana neman takalminsa. Hassada ce, ya sani, kuma sanin bai rage ta ba.

Watan bazara ya kama, Sakkwato ta yi zafin da ta saba. Lawali ya shiga taro a sama. Hayatu ya tura ƙofar ɗakin kaɗan, ya tokare ta da kwalin kati, sanyi ya riƙa zubowa kan bencin. Ba a jima ba direbobi da masinjoji suka gano. Kafin azahar benci ya cika, wasu har a ƙasa.

Kanar bai sauko ya tambayi kowa ba. Ya leƙa, ya gani, ya aika a kira su biyun. Lawali ya so ya yi bayani, aka ɗaga masa hannu, aka ce ya koma sashen ajiya. Ya dubi Hayatu sau ɗaya, ya fita.

Kujera ta zama ta Hayatu. Murna ta sa bakinsa ya yi sauri.

"Ranka shi daɗe, gobe in maido zanen awo? Bencin ga ai shi na ya kawo muna matsala."

"Matsala?" in ji Kanar. "Ban tashi daga kujerata ba na gane ɗaki ya lalace. Yaron nan ya kasa riƙo, amma kai gare shi. Kada ka taɓa tsarinsa. Zan sa kowane sashe ya yi irinsa, a kira shi tsarin Lawali."

Ya ƙara da cewa ran da ya sake ganin mutum a zaune kan bencin, Hayatu ya san inda zai bi.

Hayatu ya sauko, ya janye kwalin, ya rufe ƙofar. Wani direba ya ɗago kai ya tambaye shi ko gobe ma za a buɗe musu.