Mai Duba Aikin Mashkura

Barau ne ya fara shigo da kwamfuta kamfanin iri da taki na Alhaji Abdulbaƙi, tun kamfanin yana shago ɗaya a Dutse. Shi ya tsara yadda ake shigar da sunayen manoma da kayan da ke sito. Da aka buɗe rassa a Kiyawa da Jahun da Kafin Hausa, sai tsohuwar manhajar ta gaza. Kowane reshe da nasa bayanan, sai ƙarshen mako a aiko wa Barau ya harhaɗa. Don haka da Alhaji ya ce za a koma sabuwar manhaja wadda za ta haɗa rassan duka, Barau bai ko tsaya tambayar wa za a ba aikin ba.

Ranar taro sai ga Alhaji da wata matashiya mai suna Mashkura, wadda ta yi karatun kwamfuta a Kafin Hausa.

"Ita za ta jagoranci kwashe bayanan nan," in ji Alhaji. "Kowa ya ba ta haɗin kai."

Barau ya ce Allah ya taya riƙo, da ƙyar maganar ta fito.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yarinyar ta san aikinta. Ta tsaya gaban allo ta yi bayani: da farko a ajiye kwafin komai, sannan a tsabtace bayanan, don manomi ɗaya yana iya fitowa da suna uku. Za a yi gwaji da Kiyawa saboda kusa ce kuma reshen ƙarami ne. Jahun sai daga baya, ba kuma ranar kasuwa ba. Ma'aikatan da kullum suke cika teburin Barau da tambaya suka koma nata. Har Sale mai sito, abokin cin abincinsa, yanzu bakinsa ba ya rabuwa da "Malama ta ce".

Wata safiya ta zo ta tsaya gefen teburinsa, ta gaishe shi da ladabi.

"Malam Barau, alfarma nake nema. Duk abin da muka kwashe, kai za ka duba. Ba za a kashe tsohuwar manhaja ba sai ka ce ka yarda."

"To," kawai ya ce. A ransa kuwa ya ce, kin kawo kanki.

Ya duƙufa kan gwajin Kiyawa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ba don komai ba sai don ya kama ta. Ya kuwa samu. Irin gero da ake sayarwa da mudu, sabuwar manhajar ta ɗauke shi a matsayin buhu, har ta nuna kayan da siton Kiyawa ba zai iya ɗauka ba. Bai je wurinta ba. Kai tsaye ya wuce ofishin Alhaji, yana danne murmushi.

"Ranka ya daɗe, ga irin aikin da ake yi mana."

Alhaji ya sa aka kira ta. Ta duba, ko gezau ba ta yi ba.

"Alhamdulillahi da aka gani yanzu. Amfanin gwajin ke nan. Allah ya saka da alheri, Malam Barau. Yau zan gyara."

Alhaji ya jinjina kai, ya dubi Barau. "Ka ga kan yarinyar nan? Ta san wanda za ta sa ya duba mata."

Barau ya koma teburinsa. Duk da haka bai daina ba. Ya tono lambobin waya da suka rikice a Kafin Hausa, ya tono manoman Jahun da aka haɗe sunayensu alhali wa da ƙane ne. Kowanne ya kawo, ta yi godiya ta gyara, aikin ya ƙara kyau, yabonta ya ƙara yawa. Matarsa Talatu ta gaji da jin sunan Mashkura a kan tuwo.

"Malam, ni fa ban gane ba. Yaƙarta kake yi ko taya ta?"

Ya wanke hannu ya tashi.

Ranar da aka kammala Jahun, ya bi bayanan sama da ƙasa bai ga abin kamawa ba. Mashkura tana tsaye tana jira, Alhaji ma yana jira.

"Na yarda," in ji shi, idonsa a kan tebur.

Aka yi tafi. Alhaji ya sa mata albarka a gaban kowa, ya kuma ce kula da sabuwar manhajar yana hannun Barau daga yau, don ita za ta koma shirya buɗe sabon reshe. Mutane suka zo suna taya Barau murna, yana amsawa sama-sama.

Da yamma Sale ya leƙo. "Malam Barau, zo ka nuna min inda ake fitar da taki a manhajar Malama Mashkura."

"Manhajar kamfani," Barau ya ce da ƙarfi, har na waje suka juyo. Sannan ya ja kujera ya nuna masa.