Sunan Ƙaguwar Mantuga

Sariha na cikin juya ƙaguwar da hantsaki a ƙarƙashin madubin ƙara girma, Pak Darwis, malaminta kuma shugaban sashensu a jami'a, ya turo ƙofa, warin tabar kanumfari na biye da shi.

"Ƙanwata Sariha, tun safe mai otal ke buga mini waya. Yaushe zai ga sunansa a jikin 'yar dabbar nan?"

Ba ta ɗago ba. Ƙaguwar ba ta fi farcen ɗan yatsa ba. Macen takan shiga ramin dutsen murjani na teku tun tana ƙarama, dutsen ya girma ya rufe ta, ba mai fitar da ita sai ya fasa. Sariha ta bincika gaɓar teku daga Kendari har Buton, ba ta sami irinta ba sai a bakin Mantuga, ƙauyensu mai gidaje kan turaku. Yanzu wani otal ya saye tsibirin da ƙauyen yake, ya canza masa suna, ana ta kwashe mutane. Mahaifiyarta ce kawai ta ƙi tashi.

"Na riga na raɗa mata suna, Pak."

"Madalla! Da ma na san ba ki da taurin kai irin na tsohuwarki."

"Ƙaguwar Mantuga. Da safiyar nan mujallar kimiyya ta fito da sunan."

Ya zare tabar daga baki. "Mantuga? Wurin da ko a taswira babu shi? Kin san wa ya saya mana madubin da kike leƙawa?"

"Na sani. Sai ya zo ya ɗauki kayansa."

"Ki rubuta musu, ki ce kuskure ne!"

"Haba, Pak. Ba kai ka koya mana a aji ba? Sunan da aka fara bugawa shi ne suna, ko shugaban ƙasa bai isa ya goge ba. Har jarrabawa ka kayar da ni a kansa."

Pak Darwis ya dubi kwalbar da ke gefenta.

"Kin dai san ba za a sabunta aikinki ba."

"Na sani."

Ta mayar da ƙaguwar cikin kwalba, ta rataya jaka. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Af, mai otal ya ce zai sa hoton ƙaguwar a allon ƙofar shiga. Ka gaya masa ya kula da rubutun. Mantuga, da harafin T guda ɗaya."

Ta sauka ta tari mota zuwa tashar jirgin ruwa. Mahaifiyarta ta ce yau akwai gasasshen kifi da rogo.